Wasiƙar da Na Yanka Gida Huɗu Na Raba wa 'Yan Ofis

Gwaggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin saura kwana goma sha shida wata ya ƙare. Ban taɓa rubuto miki ba. Ni dai mai karatu ce, mai yi wa masu rubuto miki dariya a ɓoye, ina cewa yaya babban mutum zai kasa warware 'yar wannan magana. To ga shi yau ta faɗo kaina. Rabin zuciyata murna take yi kamar ta yarinya, rabin kuma tsoro ya cika ta, har Inna ta fara tambayata ko lafiya nake murmushi ni kaɗai a gaban tukunya.

Ina aiki a wani ofishin masu zanen gine-gine. Mu goma sha uku ne. Ni ce mai kula da kayan aiki: takarda, tawada, sabulu, shayi, ƙwan fitila, duk abin da ya ƙare ni ake nema. Shekaruna talatin da tara, aurena ya mutu da daɗewa, ina zaune da mahaifiyata, kuma na riga na ɗauka na rufe wancan babi. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba ƙuruciya ke ɗibata ba.

Bara ne abin ya fara. Wata ranar Juma'a na tsaya ina kallon Iya mai shara tana fitar da buhu uku na tarkace daga ofishin da bai kai ɗaki biyar ba. Kofunan roba, gorunan ruwa, ledoji, ga takardu farare tas waɗanda layi biyu kawai aka buga a kansu. Tsohuwar nan tana jan buhu tana nishi. Abin ya tsaya mini a rai. Na je na sami Oga na ce ya ba ni wata uku in gwada wani abu. Ya ce in yi duk abin da na ga dama, muddin ba zan taɓa masa na'urar sanyaya ɗakinsa ba.

Gwaggo, da aka ba ni wuƙa da nama ban yi wasa ba. Na kwashe kofunan roba, na ce kowa ya zo da kofin tangaran daga gida. Na sa aka kafa matatar ruwa a kicin, gorunan roba suka ɓace. Na canza ƙwayayen fitila zuwa masu cin wuta kaɗan. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar Oga na tara masa bokiti, da shi muke ba wa shuke-shuken baranda, ganyen shayin da aka gama da shi kuma a gindinsu yake ƙarewa. Ni da Iya muka koyi jiƙa ɓawon lemo a ruwan khal, ruwan tsamin nan na girki, muna goge tebura da tagogi, ta ce tun da ta bar wancan maganin mai yaji tarin da ke damunta ya ragu. Kuma duk wanda ya fita daga ɗaki ya bar fitila a kunne, sai ya dawo ya tarar da ni tsaye a bakin makunni ina kallonsa. Daga nan suka sa mini suna Kashe-Fitila. Na yi fushin kwana biyu, daga baya na ga sunan ya dace da ni, har a gida yanzu Yayata da shi take kirana, don can ma na hana kowa sakat da maganar leda da ruwan wanki.

Kowa ya bi, wasu da daɗi wasu da gunaguni, in ban da mutum ɗaya. Shi ne mai duba zane kafin a fitar da shi, muna ce masa Mai Jan Biro. Mutum ne dogo, shiru-shiru, ya kusa hamsin, matarsa ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Idan ya ce miki ina kwana ya ƙara da ya gida, to ranar ya yi surutu. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya iya karanta komai a fuskar kwamfuta. Ko saƙon layi uku ne sai ya buga shi a takarda, ya zare jan bironsa, ya bi shi kalma-kalma. Ya ce idonsa ba ya kama kuskure sai a kan takarda. Mun yi wata biyu muna kai ruwa rana da shi. Ranar da na ɗauke masa kofin roba daga hannu yana tsakiyar shan shayi, ya bi ni da kallo kamar na ƙwace masa gado. Washegari ya zo da wani tsohon kofi mai tsagaggen baki, ya ajiye a gabana, ya koma kujerarsa.

Da na ga ba zan iya raba shi da firinta ba, sai na nemi wata dabara. Na ajiye kwali a gefen firinta, na kafa doka cewa duk takardar da bayanta fari ne kada a jefa ta a shara, a sa ta a kwalin. Takardun sirri na ofis su kuma a kai su injin da ke yi musu gutsi-gutsi. Na kuma ce wa Iya idan ta ga takarda mai farin baya a kwandon wani, ta tsamo ta ta sa a kwali. Iya ba ta karatu, amma ba ta saɓa umarni. Duk ƙarshen wata sai in kwashi takardun, in kifa su, in jera, in yanka gida huɗu, in shafa gam a gefe, in ɗora musu ƙaton littafi su bushe. Su fito 'yan littattafan rubuta saƙo masu kyau, in raba wa kowa. Ban taɓa duba abin da ke rubuce a bayansu ba. Ina alfahari da hakan ma, ina cewa ni ba mai leƙen asirin mutane ba ce.

Ranar Litinin ta makon jiya na raba guda goma sha biyu, na riƙe ɗaya. Ranar Talata ina rubuta jerin abin da za a sayo, na yage shafi, ya faɗi ƙasa a kife. Na sunkuya zan ɗauka sai na ga jan biro ya yi wa bayansa kaca-kaca. Idona ya faɗa kan layi ɗaya: “tun ranar da kika ƙwace mini kofin roba ban sake shan shayi ban tuna ki ba.” An ja layi a ƙarƙashin “ƙwace”, an rubuta “karɓe” a sama, an sake soke “karɓe” an mayar da “ƙwace”.

Gwaggo, zama na yi a ƙasa. A ƙasan ofis, da girmana. Na juya littafin nan shafi-shafi, na sami guntayen wasiƙar guda huɗu. Ɗaya yana cewa, “na san ba ni da baki, shi ya sa na.” Nan wuƙata ta yanke shi. Wani yana cewa, “yadda kike tsayawa a bakin makunni kina harara, wallahi da gangan nake barin.” Shi ma nan ya ƙare. Ashe duk watannin nan da nake yi masa faɗan fitila, bawan Allahn nan da saninsa yake barinta a kunne.

Sai da murnar ta ɗan lafa hankalina ya dawo, na gane abin da na aikata. Mutumin nan ya zauna ya rubuta mini wasiƙa, ya buga ya gyara, ya sake bugawa ya sake gyarawa, kamar yadda yake yi wa kowane zane. Waɗanda ba su yi masa ba ya jefa a kwandonsa. Iya ta tsamo su bisa umarnina. Ni kuma na yanka su da hannuna, na shafa musu gam, na bi tebur-tebur ina raba wa mutane ina cewa a yi amfani da su lafiya.

Kwana uku na yi ina farautar littattafan nan. Na ce wa wannan gam ɗin nasa bai kama ba, in gyara masa. Na ce wa wancan na ba shi na wani bisa kuskure. Wani na jira ya tafi cin abinci na musanya masa da sabo. Na tsani ƙarya, amma a kwana ukun nan na yi wadda ban yi a shekara ba. Na dawo da tara. Ranar Asabar da hantsi na kira Yaya, muka shimfiɗa zani a tsakar ɗaki muka baje gutsattsarin muna haɗawa. Ita tana dariya har da hawaye, tana cewa ita tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya yi wa soyayya gyaran kuskure ba. Mun gano wasiƙa biyar ce, kowace ta fi ta gabanta gajarta. Ta farko shafi cike, ta biyar ba ta wuce layi takwas ba. Kuma a ta huɗu da ta biyar akwai abin da ya tsinka mini zuciya. Ya rubuta cewa an yi masa tayin komawa reshenmu na wani gari mai nisa, ana jiran amsarsa ƙarshen wata, kuma “idan na ga babu wuri gare ni a nan, zan karɓa in tafi ba tare da na dame ki ba.” Kusurwar ƙasa ta wasiƙa ta biyar, inda ya rufe maganarsa, ita ce ba mu samu ba.

Littattafai uku suka rage a waje. Ɗaya yana wurin Oga, wanda yake yage shafi ya rubuta wa baƙi lambar waya ya miƙa musu, ki duba wannan tashin hankali. Ɗaya yana wurin mai karɓar baƙi, wadda muke kira Rediyo, kuma ba a banza ta sami sunan ba. Da na nemi nata ta ce ai ta kai gida, ta faɗa tana wani lumshe ido, tun ranar kuma idan na wuce sai ta fara 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na ukun yana wurin Mai Jan Biro shi kansa. Ni na ajiye masa a tebur da hannuna, har na ce masa ya gode wa kansa, don rabin takardun nasa ne. Na faɗi haka, Gwaggo, ina dariya.

Tun ranar Laraba ya canza. Ya daina barin fitila a kunne. Idan na shiga kicin sai ya ɗauki kofinsa ya fita. Jiya na ji Oga yana tambayarsa ko ya yanke shawara, ya ce ya kusa.

Ga gaskiyata, tunda ba ki san fuskata ba: ina son sa. Ban san yaushe ya fara ba, wataƙila tun ranar tsagaggen kofin nan. Ba na so ya tafi. Amma bai ba ni wasiƙar ba. A shara ya jefa ta. Wa ya sani ko ya canza ra'ayi ne? Idan na je na ce na karanta, mutum mai kunya irinsa zai iya nutsewa a ƙasa, ya karɓi canjin don kawai kada mu sake haɗa ido, garin gyaran gira in rasa ido. Yaya ta ce in yi shiru in ƙara fara'a, namiji ne, zai yi magana da kansa. Inna ba ta san komai ba tukuna. Ni kuma ina ganin kwanaki suna tafiya. In yi magana ko in jira? Idan zan yi, me zan ce? Kuma yaya zan yi da Rediyo?

Taki cikin ruɗani,
Kashe-Fitila

*

'Yata Kashe-Fitila,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina lissafa kwanaki. Barka da wannan alheri da ya same ki. Ba kowace mace ce ake rubuta wa wasiƙa sau biyar ba, kuma ba kowace ce take da zuciyar da za ta damu da mutuncin wanda ya rubuta fiye da daɗin da ta ji ba. Wannan ya nuna mini irin mutuniyar da kike.

Bari in fara da inda Yayarki take da gaskiya. Wasiƙar da ba a aika ba mallakar mai ita ce. Yana da haƙƙin ya rubuta, ya yage, ya fasa. Jefa ta a kwando yana iya nufin ya janye, kuma dole ki shiga wannan magana da sanin cewa hakan mai yiwuwa ne. Amma ki duba abin da kika faɗa mini da bakinki. Mutumin da ya saba jefar da gwaji har sai ya sami wanda ya gamsar da shi, biyar da ke kwando ba su nuna ya fasa ba. Sun fi nuna akwai ta shida a wani wuri, tana jiran ya sami ƙarfin hali.

Inda ban yarda da Yayarki ba shi ne batun shiru, kuma ga dalilina. Kin ce wannan bawan Allah ba ya barin takarda ta wuce shi bai bi ta kalma-kalma ba. Kin ajiye masa littafi a tebur, kin ce rabin takardun nasa ne. Kina tsammanin bai juya ko shafi ɗaya ba? Ya kuma zauna yana kallonki kwana uku kina bin tebura kina karɓe littattafai da dalilai marasa kan gado. Ni a ganina ya sani tun ranar Laraba. Ya san an yanka, ya san an raba, ya san kin karanta. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke ranki. Ke kina shiru don ki kare masa mutunci, shi kuma yana ɗaukar shirun nan a matsayin amsa. Shi ya sa fitila ta daina kwana a kunne, shi ya sa ya ce wa Oga ya kusa. Kowace ranar da kika ƙara kina jira, kina ƙara tabbatar masa da abin da ba gaskiya ba ne.

Don haka ki yi magana, cikin makon nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin nan ki rufe ƙofofin da suka rage. Ki je wurin Oga ki ce kin gano akwai takardar wani da ta shiga cikin littattafan bisa kuskurenki, kina so ki karɓi nasa ki ba shi sabo. Gaskiya ce tsantsa, ba ta buƙatar ƙari, kuma ƙaryar gam ta isa haka. Rediyo kuwa ki same ta ita kaɗai. Kada ki yi mata barazana, kada ki yi kamar ba ki san ta gani ba. Ki ce mata mutuncin mutumin da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba yana hannunta, kina roƙon ta riƙe shi amana. Ki lura, ta yi kwanaki tana waƙa amma ba ta watsa labari ba. Mai surutun da aka girmama da amana sau da yawa ya fi kowa iya riƙe ta.

Shi kuma Mai Jan Biro, ki zaɓi lokacin da ofis ya yi sauƙi, a wurin da ba a ɓoye yake ba amma ba mai jin ku, ko barandar shukokin nan ta isa. Ki zuba duk gutsattsarin a ambulan ki miƙa masa, kada ki riƙe ko ɗaya, nasa ne. Ki fara da ba shi haƙuri a gajarce: dokarki ce, wuƙarki ce, Iya ba ta da laifi. Ki faɗa masa kin karanta, kada ki ɓoye. Kada ki yi dariya ko da ta taso miki, kada ki maimaita masa kalamansa, kuma maganar Yaya da zanin tsakar ɗaki ki ajiye ta sai bayan shekara. Batun canjin wurin aiki ma kada ki ce masa ya ƙi. Aikinsa ne, shi zai auna. Naki kawai ki tabbatar ba zai auna shi da ƙaryar cewa ba shi da wuri a nan ba.

Aikinki na rage shara kuma kada ki bari wannan ya sanyaya miki gwiwa, aiki ne mai kyau, ƙirjin Iya ma shaida ne. Gyara biyu kawai yake so. Abin da mutum ya jefa a kwandonsa ya zama nasa, kada a sake tsamo shi, wanda ya so ya kai kwali da hannunsa. Ke kuma ki riƙa duba kowace takarda kafin ki kifa ta, kallo ɗaya ya isa a gane wadda ba ta kamata ta zaga ofis ba. Wannan ba leƙen asiri ba ne, tsare shi ne.

Kin tambaye ni me za ki ce. Ba dogon jawabi yake buƙata ba, shi da ya rage shafi guda zuwa layi takwas. Bayan kin ba shi haƙuri, ki dube shi ki ce kin nemi ƙarshen wasiƙar ko'ina ba ki samu ba, kuma kina so ki ji shi daga bakinsa, ko yau ko ranar da ya shirya, amma kafin ya ba Oga amsa. Daga nan ki yi shiru ki ba shi lokaci, ko zai yi minti biyar yana kallon ƙasa. Idan ya ce ya janye, za ki ji zafi, amma za ki fita da mutuncinki da nasa, ba za ki yi shekaru kina cewa da na sani ba. Idan kuwa abin da nake zato ne, to ki je ki zaunar da Inna ki faɗa mata dalilin murmushin, ta daɗe tana jira.

Allah ya sa ki ji abin da kike fata, ya sanya alheri a tsakaninku, ya ba shi bakin magana ranar.

Gwaggonki